Hutun da Na Ba Inna

Kakarmu Ige ba ta san zaman banza ba. Ko tatsuniya za ta yi mana, sai da kaba a cinyarta tana saƙar faifai. A ƙauyenmu Tsamaye, idan an gama shigar da gero rumbu, sanyi ya fara leƙowa, da an ci tuwo mukan tara kara a tsakar gida mu hura wuta, mu binne dankali a toka, mu kewaye ta. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana gefe tana ɓarar gyaɗa, wai ita ba sauraro take yi ba, amma ita ke riga kowa dariya. Ni kuwa da yake ni ne babban jika, Kaka ta mai da ni mijinta. Kullum cikin tsiya muke: in ce ta tsufa na sake ta, ta ce rabuwa da raggon miji ai ba asara ba ce. Kuma tana da gaskiya, domin da na ji an ambaci rijiya nake neman wurin ɓuya.

"Ga ta nan tahe, ku gyara mata wuri," in ji ta, in za ta buɗe tatsuniya. Mu kuma mu amsa cewa ta zo ta zauna.

A cikin duk tatsuniyoyinta, ta falke da jakinsa ce ta fi ba ni haushi, saboda babu kura, babu dodo. Wai wani falke ne yake da jaki guda, shekara da shekaru suna kai kanwa kudu suna dawowa da goro, har Allah ya buɗa masa. Ranar da ya gina gidansa, sai ya dubi jakin nan, ya ga tabon mangala a bayansa, tausayi ya kama shi. Ya rantse cewa daga yau jakin ya gama wahala. Ya kafa masa rumfa, ya ɗaure shi a inuwa, dusa da harawa har gabansa, ruwa ma kawo masa ake yi. Jaki ya yi ƙiba yana sheƙi, gari ya ɗauka cewa ba a taɓa ganin mai halacci irin falken nan ba. Ana nan, wata damina gulbi ya cika ya yi ambaliya, kowa ya kama hanyar tudu. Ramammun jakunan maƙwabta suka kwashe kaya da yara suka haye. Falke ya kwance nasa, jaki ya yunƙura, gwiwa ta ƙi. Ya ja, ya tura, ya yi kuka, har ruwa ya kai masa ƙugu, dole ya bar shi.

Kaka ta ɗago kai daga faifanta ta dube ni. "Maigida, wa ad da laihi?"

Na ce jakin mana, wa ya sa shi cin tsiya? Ta ɗana mini kaba a ka.

"Jaki bai ɗaure kai nai ba. Wanda ka son shi, shi yaɗ ɗaure shi."

Ban fahimta ba, ban kuma damu ba, dankalina ya riga ya nuna.

Shekaru suka wuce. Kaka ta rasu, mahaifinmu ya bi ta, ni kuma na zama malamin firamare a Sabon Birni. Da 'yan bindiga suka hana mutanen ƙauyenmu zuwa gonakinsu, sai na ɗauko Inna na dawo da ita wurina. Matar nan tun da na buɗe ido take daka, take jan guga, take zuwa itace. Ina ganin hannuwanta duk kanta, na ce wallahi ta gama. Na ba maƙwabta turminta. Na saya mata katifa mai kauri, na ce da matata kada ta bar ta ta ɗauki ko tsintsiya. Shayi da sukari safe da yamma, miya kullum da mai. In ana suna a bayan layinmu, a babur nake kai ta. Kowa a unguwa yana sa mini albarka, ni kuma, ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yabon.

A shekara ta biyu na shiga ɗakinta da la'asar na tarar tana salla a zaune, ta miƙe ƙafafu, tana sunkuyar da kai maimakon sujada. Da ta sallame na tambaye ta, ta ce ai an jima, in ta kai goshi ƙasa ba ta iya tashi. Ta faɗa tana murmushi, amma idonta ya cika. Inna ba ta taɓa roƙona komai ba, ranar ma ba ta roƙa ba, sai dai na san abin da aka raba ta da shi.

A asibiti likita ya auna ta, ya ce jininta ya hau, suga ma yana bakin ƙofa. Ya tambaya wane aiki take yi a gida. Na gyara zama na ce babu, na hutar da ita. Ya ɗan dube ni, sa'an nan ya ce a rage gishiri da sukari da mai, ta sha magani, amma babban abu shi ne ta riƙa tafiya kullum, a fara da kaɗan. Muna hanyar gida, tana bayana a babur, muryar Kaka ta dawo mini. Kunya ta rufe ni har na kusa wuce kwanar gidanmu.

Sai dai kwance igiya ya fi ɗaurawa wuya. Washegari na ce ta fito mu taka, ta ƙi.

"Ina za ni? Tahiya ba dalili ai sai mahaukaci. Mi za ni ce ma mutane in sunka tambaya?"

Don haka na nemo mata dalili. Na sayo awaki biyu na ce nata ne, ni kuma ba ni da lokacin ciyawa. Ta yi ta mita cewa na jawo mata aiki, amma da hantsi ta ɗauki lauje. Ranar farko bakin layi ta kai ta dawo tana haki. Bayan wata guda tana kaiwa bayan makaranta, ni ma ina biye da ita ranakun da babu aiki, da tumbina da ya fara hana ni ganin ƙafata. Ta aika aka karɓo turminta.

Yabo kuwa ya koma tsegumi. Wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Malam, abin ga bai yi kyau ba. Ga babur ƙohwar gida, tsohuwa na ɗauko ciyawa bisa kai?"

Na sunkuyar da kai na ce Baba, za a gyara. Ban gyara ba. Maganar ta yi mini zafi, har yau in na tuna tana yi, domin babu ɗan da yake son a ce ya bar uwarsa cikin wahala. Amma na gane cewa rabin hutun da na ba ta, kaina na yi wa, don a gani a yaba. Mu a wurinmu ƙauna ita ce a ce da tsoho zauna, kuma ba a koya mana cewa zaman ma yana cin mutum ba.

Wajen wata na biyar, ina alwala a tsakar gida, na hango ta ta labule ta tayar da salla a tsaye. Na tsaya da buta a hannu. Ta yi ruku'u, ta sauka a hankali, ta ɗora goshinta a ƙasa, ta daɗe a nan. Sa'an nan ta dafa tabarma, gwiwa ta yi ƙara har ina ji daga inda nake, ta miƙe da kanta ta shiga raka'a ta biyu.