Dawar da Baffa Ya Auna Mana

Har yau idan na bi ta layin 'yan hatsi a kasuwar Tambuwal na shaƙi warin tsohuwar dawa, irin warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, sai raina ya ɓaci. Baffa nake tunawa, yayan mahaifinmu. Gara in faɗa maka tun yanzu, ba na ƙaunar mutumin nan, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

A wani ƙauye kusa da Sanyinna muka tashi. Baba da Baffa gona ɗaya suke nomawa, rumbunansu biyu, ɗaya na ragowar dawar bara, ɗaya na ta bana. Baba ya rasu ana cikin kaka, ya bar Inna da mu uku: ni babba, sai ƙanena, sai autarmu da ba a daɗe da yaye ta ba. Ba a ma gama zaman makoki ba Goggo, ƙanwar su Baba da ke aure a Fakku ba ta taɓa haihuwa ba, ta ce a ba ta auta ta riƙe. Inna ta ce muddin tana da abin ɗorawa a wuta ba mai raba ta da 'yarta. Manya suka yanke cewa idan abinci ya kai mu sabon gero, yarinya ta zauna. Idan bai kai ba, Goggo ta ɗauka.

Ranar rabon hatsi Inna tana ɗaki tana takaba, ba damar ta fito cikin maza. Baffa ya sa an sussuke dawar rumbunan biyu, an tara kowace daban a kan tabarma. Ya kira liman da mai unguwa su shaida. Ya ɗauko tiya, kwanon awon nan na kasuwa, ya cika ya juye a buhunmu, ya cika ya juye a nasa. Namu daga tarin bara yake ɗiba, nasa daga na bana. Ya ce ai ta bara ta fi bushewa, ta fi auki, marayu suka fi cancanta da ita. Har gyara yake yi mana da tafin hannu, liman yana sa masa albarka. Ni kuwa na ja buhu guda har ƙofar ɗakin Inna, ina ta murna wai na yi ƙarfi.

A turmi abin ya fara tonuwa. Ka zuba dawar nan, ka ɗan taɓa ta da taɓarya, sai ta ruguje ta zama dusa. Ƙwari sun cinye cikinta tun tana rumbu, sun bar ɓawon da kyansa. In an zo wanki, da yawa daga ciki sai ta taso saman ruwa a ƙwarya. Awon da a da yake yi mana tuwon dare har a samu ɗumame, yanzu tuwon daren ma da ƙyar. Dole Inna ta riƙa ƙara hannu. Da ta fita takaba ta kai kuka, sai aka ce ai gaban liman aka auna, ita ce dai mai almubazzaranci. Ba ta da kalmar da za ta kare kanta da ita, abin da take iya cewa kawai shi ne dawar ba ta da auki.

Ta yi iya yinta. Da ruwa ya sauka muka koma kwaɗon tafasa da rama, tuwon ya koma kunu, kunun ma ya tsinke. Gero ya fitar da kai amma bai yi ido ba lokacin da ta kakkaɓe buhun ƙarshe. Goggo ta zo cikin marka, ta goya auta, ta lulluɓe ta da mayafi saboda yayyafi. Inna ba ta raka su ko zaure ba. Ta zauna bakin murhun da ba wuta, tana kallon ƙasa.

Sai da na shiga sakandare na samu sunan abin da aka yi mana. Malamin kimiyya ya zo da kofuna biyu iri ɗaya, ya cika ɗaya da ruwa, ɗaya da kananzir, ya tambaye mu ko daidai suke. Muka ce daidai suke mana, ga shi duk sun cika. Ya ɗora su a sikeli, ya cire nauyin kofin. Ruwan giram ɗari, kananzir giram tamanin, alhali kowane kofi mililita ɗari yake ci. Ya ce a raba nauyin abu da girman wurin da ya cika, abin da ya fito shi ake kira densiti. Na ruwa ɗaya, na kananzir sifili da ɗigo takwas, shi ya sa kananzir yake tasowa kan ruwa. 'Yan aji suna rubutu, ni kuwa ƙwaryar Inna nake gani.

Da na dawo daga hutu na ƙullo dawa iri biyu a bakin zane, sabuwa da wadda ƙwari suka ci. Malam ya bar ni na auna da kaina, kofi ɗaya, cika ɗaya, na raba. Mai ƙwarin ta gaza sosai. Na sake, abin bai canza ba. Kowace tiya da Baffa ya juye mana, da iska a ciki, kuma a kan iskar nan liman ya sa albarka.

Hutu na gaba na sami Baffa a zaure yana tufka igiya. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da na auna.

"Ke ɗiyag ga, mi kika nufi?" in ji shi. "Tiya guda anka yi awo da ita, kowa ya gani. Boko ad da sikeli, mu ba mu san shi ba."

Na ce, "Baffa, kai ka ɗauki tiyan nan da hannunka, ta bara da ta bana. Hannunka bai ji ba?"

Ya ci gaba da tufkarsa. Mutumin da tun yana yaro yake ɗaukar dami ba ya bukatar malamin kimiyya ya gaya masa wace dawa ce fanko. Ya sani sarai. Abin da na kasa yafe masa ke nan, ya zaɓi hanyar cuta da za a gode masa a kanta.

Yanzu an fara ganin sikeli a wasu rumfunan kasuwa, yara kuma suna koyon lissafin nan tun suna ƙanana. Ina jin daɗin haka, amma mu bai mayar mana da komai ba. Baffa ya tsufa, ana ba shi sahun gaba a masallaci. Autarmu ta girma a Fakku, ta yi aure, Goggo take kira Inna, marigayi Baba kuma Kawu. Takan kawo mana ziyara da sallah, da ladabinta da tsarabarta. In ta shigo sai ta tura 'ya'yanta gaban uwar da ta haife ta, ta ce, "Ku gai da matar Kawu." Inna kuma sai ta amsa.