Katakan Dam da Dankalin Kawu

Ana idar da sallar asuba muka bar Kazaure, ni da kawuna, a wata motar haya da ta riga mu gajiya. An aiko masa cewa ruwan dam ɗin ƙauyensu, can bayan Roni, ya hau gonarsa ta dankali. Ya ce sai ya je ya roƙi a rage ruwan. Ni kuma aka haɗa ni da shi saboda ciwon ƙafarsa.

A Roni muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan bana ya rame, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Daga nan sai acaɓa, kan burjin da damina ta yi wa kaca-kaca. Muka isa da hantsi, bayana kamar an yi mini duka.

Dam ɗin ƙarami ne. A bakin da ruwa ke malala idan ya cika, an jera wasu katakai masu kauri, ɗaya kan ɗaya, tsakanin ginshiƙan siminti, don su tare ruwan ya ƙara hawa. Su ne suka turo shi baya har gonar Kawu.

Mai kula da dam ɗin, wani magidanci, ya shimfiɗa mana tabarma. Bayan gaisuwa Kawu ya ce, "Malam, a taimaka a cire katakon ko guda ne."

"Wallahi na ga gonarku, Baba," in ji shi. "Amma in na cire, kafin bazara dam ɗin ya ƙafe. Masu noman rani da makiyaya duk da shi suka dogara."

Kawu ya daɗe yana kallon shanun da ake shayarwa a ƙetare. Bai sake roƙo ba. Ya naɗe wandonsa, muka shiga gonar, ruwa har ƙwauri. Muka yi ta lalube cikin laka. Yawancin dankalin ya ruɓe, yana narkewa a hannu. Abin da muka tsira da shi bai cika buhu ba, mai kula da dam ɗin ne ma ya ɗaukar mana shi zuwa bakin hanya.

Bayan la'asar muka shigo Kazaure, laka ta bushe a jikinmu. Tafiyar nan ta nuna mini akwai asarar da ba ta da mai laifi. Na tafi da shirin jin haushin wani, na dawo ban samu wanda zan ji haushinsa ba, sai gajiya. Da zan yi wa Kawu sallama a ƙofar gida, ya ce, "Baɗi shinkafa zan gwada a wurin."