Farfelar Injina da Kwaɗon Mutawakkil

Ana idar da sallar asuba Mutawakkil yake ɗaure akwatin sifanoninsa a bayan babur ya kama hanyar Dabawa. Gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa. Ɗan Kurfi ne, amma shekara tara ke nan yana haya a Dutsin-Ma, kusa da masu noman rani. Ba ya alkawari, zuwa yake yi. Shi ya sa ban taɓa kiran wani ba.

Ranar da farfelar injina ta fashe, wato ƙarfen ciki mai turo ruwa, tumatirina yana cikin fure. Mutawakkil ya kwance injin ya duba, ya buga waya Katsina da Kano, aka ce an daina kawo ta irin wannan tsohon injin. Sai dai a saya ta intanet daga Legas. Tumatir mai fure kuwa, kwana huɗu ba ruwa ya zubar da furen.

Muka zauna a rumfar mai shayi, ya samo shaguna biyu a wayarsa. Na farko ya fi araha, kuma ya ce kwana biyu kaya ya iso. Na biyu kwana biyar. Na zaro katin banki na fara karanto masa lambobin da ƙarfi, yadda dukanmu muke yi wa duk wanda ya iya waya. Ya kifa hannu a kan katin.

"Kawu Lado, mutum bakwai ne a rumfar nan."

Mai shayi ya ce shi ko lambar wayar matarsa bai riƙe ba, balle ta tsoho.

Mutawakkil bai yi dariya ba. Ya nuna mini saman shafin farko, inda wayar ta yi gargaɗi cewa hanyar ba a tsare take ba. A na biyun akwai ɗan hoton kwaɗo, irin na kulle ƙofa, kusa da adireshin. Ya ce lambobin kati sai sun bi ta hannuwa da yawa kafin su kai Legas. In da kwaɗo, wayar tana cakuɗa su yadda shagon kaɗai zai iya warwarewa; in babu, duk wanda ya tsaya a hanya zai karanta. Ya ƙara da cewa kwaɗon ba ya shaidar mai shago, ɓarayi ma suna sa shi. Saboda haka ya bi adireshin harafi-harafi, ya tabbatar shagon da ya taɓa sayayya a wurinsa sau uku ne.

Na ce masa kwaɗo ba ya shayar da tumatir, na ce ya danna na kwana biyun.

"A wayata dai a'a, Kawu."

Na gaya masa maganganu. Ya bari na gama, ya miƙo mini wayar a kan shago na biyu, ya juya baya har na shigar da lambobin da hannuna.

Washegari da asuba na tarar da shi a bakin lambu da jarkoki huɗu. Daga rafi yake ɗebowa a babur, ni ina bin kunya-kunya da bokiti. Haka muka yi kullum har hantsi, sannan ya tafi aikinsa. Ba mu ƙara tayar da zancen ba.

Kayan bai iso tashar Dutsin-Ma ba sai rana ta shida. A lokacin kunya uku na can ƙarshe sun bushe, sauran sun rayu. Katina kuma ba wanda ya taɓa shi. Ko shagon farko ɓarayi ne, ban sani ba, shi ma bai ce ya sani ba.

Ya ɗaura farfelar, ya ja igiya sau biyu, ruwa ya fito. Bai tsaya kallo ba. Ya karɓi katina, ya sa na haddace lambobi uku na bayansa, ya yanko baƙin salatif ya rufe su, sannan ya hau babur ya nufi Barkiya, inda wani injin ke jiransa.