Mai Rubuta Sunayen Masu Hawa

Ranar Talata, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, Malam Isiyaku ya cika a wani asibiti a nan Riyad. Mu uku ne a kansa: matarsa Hajiya Rabi, da babban ɗansa Kabiru, da ni. Wannan makon shekara bakwai ke nan cif. Na jinkirta rubutu a kansa domin ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba, kuma akwai inda laifina ya shiga cikin labarin.

Shekara goma sha tara muka yi a kamfani ɗaya, mai wanke gilasan dogayen benayen unguwar Ulaya. Ni ne magatakarda. Shi ne shugaban masu hawa, wato mutanen da ke shiga kwandon ƙarfe, a sauko da su daga ƙololuwar bene da igiyoyin waya, suna wanki hawa bayan hawa. Yawancinsu mutanen Maraɗi ne da Damagaram. Kowace Alhamis yakan tsara jadawalin mako mai zuwa: wa zai hau, a wane bene, tare da wa. Ya sa hannu, ni kuma in buga, in sa hatimi. Ni makarantar mishan na yi, inda layi ɗaya karkatacce kan sa a yage shafi sukutum. Shi allo ya yi, sai ajin yaƙi da jahilci. Ban taɓa samun kuskure a jadawalinsa ba, kuma na nema.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙaunar da yake yi wa labarin 'yan sama jannati. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan bi shi gidansa a Manfuha, ya miƙo mini jarida ko tsohon littafin Turanci da ya tsinto, ina karantawa ina fassara masa. Lokacin da wani kumbo ya tarwatse a hanyarsa ta dawowa duniya, ya hallaka duk waɗanda ke ciki, mun yi watanni a kan maganar. Ni na dage da bayanin inji, da zafi, da abin da ya fashe. Wata rana ya ɗaga mini hannu.

"Malam Yusufu, bar mini ƙarfen nan haka. Waɗanda suka rage a ƙasa fa? Wa ke rubuta sunan wanda zai tashi gaba?"

Daga nan karatunmu ya sauya hanya. Abin da muka fahimta daga rubuce-rubucen waɗanda suka bar aikin shi ne, bayan kowane hatsari akan dakatar da tashi na tsawon lokaci, layi ya ƙara tsawo, mutum ya yi shekaru yana horo bai ga sama ba. A cikin wannan jira gida yakan rabu. Wasu na son a koma aiki da wuri kafin girma ya cim musu, wasu na son a tona komai tukuna. Wasu su ajiye aiki. Shugabansu kuwa ba ya bukatar korar kowa, ba ya bukatar faɗin dalili. In ya so sai ya bar sunan mutum a waje. Saboda haka wanda ya ga aibi yakan yi tunani sau biyu kafin ya buɗe baki. Da na karanta masa wannan, Isiyaku ya sa na maimaita. Sa'an nan ya ce ashe shi da wancan shugaban sana'arsu ɗaya, bambancin tsawon igiya ne kawai.

Bayan wasu shekaru namu hatsarin ya zo. Waya ɗaya ta tsinke, kwando ya karkace da mutum biyu a ciki. Ɗaya ɗamararsa ta riƙe shi. Ɗayan, Sule mutumin Damagaram, ya faɗo, Allah Ya jiƙansa. Aka tsayar da hawa mako uku.

A cikin masu hawa akwai Haruna, mutumin Maraɗi, mai 'ya'ya biyar a gida. Sau biyu ya nuna cewa wayar nan ta fara tsefewa, Isiyaku ya kai maganar sama, aka ce bukura, wato gobe. Bayan rasuwar Sule, Haruna ya zo ofishina ya ce yana son a rubuta abin da ya gani domin masu bincike, amma kada a sa sunansa. Na ƙi. Na ce masa takardar da ba sa hannu ba takarda ba ce, kuma a ofishina ba a tsallake shugaba. Na rubuta masa ita tsaf, na sa ya dangwala yatsa, na miƙa ta hannun mudir, wato manajan kamfani. Na koma kujerata ina jin na yi aiki mai tsabta.

Da Isiyaku ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Takardarka ba ta da aibi, Malam Yusufu. Yaron mutane kawai ka miƙa."

Da ranar komawa aiki ta matso, mudir ya kira mu. Ya ce ba wanda za a kora, mafi mushkila, wato ba matsala. Haruna dai zai huta da hawa, a sa shi sito yana jera bokiti. Saura wata biyu iƙamarsa ta ƙare, kuma kowa ya san leburan da aka zaunar a sito ba a sabunta masa takardar zama. Sauran masu hawa suna kallo. Da an yi haka, ba wanda zai ƙara ganin waya ta tsefe ya faɗa.

Amma mudir ma yana da tasa damuwar. Mai bene ya matsa a koma aiki, kuma ba wanda ke son ya zama na farko a cikin kwando. Ranar Alhamis Isiyaku ya kawo mini jadawali. A layin farko ya rubuta sunansa, shi da ya shekara goma sha biyu bai hau ba, yana da hamsin da takwas a duniya, ga ciwon gwiwa. A layi na biyu ya rubuta Haruna.

Mudir ya ce a sake. Isiyaku ya ce shi zai hau, amma ba zai rataya ransa a wayar da Haruna bai bi da hannunsa ba, kuma haka mutanensa suka ce. Sai mudir ya juyo gare ni, ya ce in buga wani jadawalin ba Haruna, in sa hatimi, khalas, shi ke nan. Na gaya masa cewa ƙa'idar kamfani ita ce shugaban masu hawa ke sa hannu, ni kuma ban taɓa sa hatimi a takardar da ba sa hannu ba. Ba jarumtaka na yi ba. Taurin kan da ya jefa Haruna cikin wahala shi ne dai ya hana ni motsi a ranar. Ban yi tsammanin zai amfani kowa ba.

Ranar Asabar da hantsi na hau rufin benen, karo na farko a rayuwata, don in gani da idona. Haruna ya bi wayoyin taƙi bayan taƙi da tsumma a hannu. In tsumman ya sarƙe, waya ta tsefe. Bai sarƙe ba. Haruna ya dubi Isiyaku yana ɗaura ɗamara.

"Baba, gwiwar taka fa?"

"Gwiwata ce za ta riƙe kwandon? Yalla, shiga, Bamaraɗe, kada ka sa ni jin kunya a gaban Malam."

"In ka ji jiri ka rufe ido, Baba. Ni zan wanke naka ɓangaren."

"Kai da ke barin dabbare-dabbare? Allah Ya kiyaye."

Yanzu ina zaune a Badi'a wurin ɗana, na bar aiki. 'Yan ƙasar nan sun je sararin samaniya sun dawo, har da mace. Jikokina, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa, sun manna hotunan kumbo a bango, ɗaya ma ta ce can za ta. Na ji attajirai ma sun fara sayen kujera a kumbo. Na tabbata da Isiyaku na nan zai yi murna, ya sa ni karanta masa komai har wuyana ya bushe. Na kuma tabbata ba zai tsaya kan murnar ba. Zai so ya san, in wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, me zai sami wanda ya fara magana.

Wani tsohon abokin aiki ya nuna mini yadda jadawalin masu hawa yake a yau. A wayar hannu yake fitowa, ba sa hannun kowa, ba hatimi. In sunan mutum bai fito ba, ba shi da ƙofar da zai buga. Ya fi namu sauri, na yarda. Amma ban ga inda mutum irin Isiyaku zai rubuta sunansa a layin farko ba, wannan kuwa yana damuna fiye da yadda na zata.

Isiyaku bai bar gida a garinsu Katsina ba, sai fili da bai gama kewayewa ba. Littattafan suna wurina, gefensu cike da alamar farcensa a wuraren da ya ce in maimaita. Abokin nan nawa ya ce har yau a kamfanin ana bin waya da tsumma kafin a hau, ko da yake matasan ba su san daga inda abin ya fito ba. Iyakar abin da zan iya shaida ke nan. Allah Ya gafarta masa, Ya yafe mini nawa.

A waccan ranar Asabar, Isiyaku da Haruna sun sauko bayan awa huɗu, lafiya lau. An sabunta wa Haruna iƙama, ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana hawa, ya koma Maraɗi don ra'ayin kansa. Isiyaku kuwa, kafin shekara ta zagayo an karɓe jadawali daga hannunsa, aka mai da shi sito. A can ya zauna har ya rasu.