Makullin Gidan da Aka Sayar

A ofishin jakadancin wata ƙasar Larabawa, nan Paris, wani dattijo yana zaune kusa da ni. Ya ɗora kwat ɗin sanyi a kan babbar riga, gemunsa fari fat. Kafaɗunsa sun ranƙwafa irin na 'yan kasuwar unguwar Barbès da suka ƙare ƙuruciyarsu wajen ɗaukar dilar atamfa. Yana ta juya wani makulli a tafin hannunsa.

Da aka kira shi, ina jin komai. Ya zo sabunta bizarsa ta ritaya, wadda ake ba wanda ya mallaki gida a can ƙasar Larabawan. Ma'aikaciyar ta ce masa an sayar da gidan nasa tun bara.

"Ai Rachidou na ba wakilcin gidan, ɗan ƙanena," in ji shi. "Ni na rene shi. Mutum yana binciken ɗansa?"

Ya tura mata makullin ta ƙarƙashin gilashi, wai ga shaida. Ta turo masa abinsa. "Désolée, Monsieur," in ji ta, wato ya yi haƙuri.

Yanzu ya dawo kujerarsa, yana buga waya. Wallahi da ni ne, da zagi zan fara. Shi kuwa cewa yake: "Rachidou, ina kwana? Ina gajiya? Yaya maiɗakinka?"

Bai kai ga tambayar yara ba aka katse kiran, ina ganin fuskar wayar ta yi duhu. Bai sauke ta daga kunnensa ba. A hankali ya ƙarasa: "Yaya jikokina?"