Ɗan Fari a Bakin Tafki

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a irin ƙauyenmu ya san abin da hakan ke jawo wa mutum. Babana bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina wancan yake?" ko da kuwa ina tsugune a gabansa. Ba ma cin tuwo a kwano ɗaya, ba ma zama a tabarma ɗaya. In na shigo zaure, nan take zai tuna akwai akuyar da bai duba ba. Kunyar ɗan fari ake ce wa abin. Manya sun sha gaya min wai so ne ya yi yawa har aka rasa inda za a ajiye shi. Ni dai ban taɓa jin daɗin wannan irin son ba.

Autanmu kuwa a cinyar Baba ya girma. Ya ja masa gemu, ya zura hannu a aljihunsa ya kwashe goro, ya yi masa fitsari a riga ranar Juma'a, duk dariya ake yi. Da ya zama saurayi ya biyo ni Fatakwal, ni na tsaya masa har ya samu keken hayar da yake tuƙawa. Ina son yaron nan, Allah ya sani. Amma in ya ɗaga waya ya ce, "Baba, ya ƙafar?" suka shiga hira har da shewa, sai in tashi in bar wurin. Ni in na kira, gaisuwa ce kawai, sai in ji an miƙa wa Inna wayar.

A mahautar Trans-Amadi nake aiki, kuma duk ranar da zan shiga cikin gari sai na wuce ta gefen wani babban lambun shaƙatawa da ke tsakiyar birni. Wata ƙaramar Sallah na kai maiɗakina da yara. Wuri ne mai kyau: ciyawa shimfiɗe an aske ta daidai, bishiyoyin kwakwa a jere, furanni ja da rawaya, ga tafki a tsakiya da ƙananan kwalekwale na roba da ake tuƙawa da ƙafa kamar keke. Yara suka ruga wajen lilo. Ni kuwa idona ya faɗa kan wani tsoho ɗan garin, zaune a benci da ɗansa, ƙato mai furfura a gemu. Ɗan ya rataya hannu a kafaɗar tsohon, suna cin gyaɗa daga ƙunshi ɗaya, tsohon yana dukan cinyarsa yana dariya. Na ƙura musu ido har maiɗakina ta zungure ni.

"Ka san su ne?"

"A'a."

"To ka daina kallon mutane haka, sai ka ce sun ci maka bashi."

Ban san su ba, amma na ji haushinsu har cikin raina. A ranar tunanin ya shigo min. Na ce ai kunya don idon mutane ake yin ta. A ƙauye akwai idon dangi, a unguwarmu ta Fatakwal ma duk namu ne, kowa ya san ɗan wane. Amma a cikin lambun nan wa ya san mu? Wa ya san ni ɗan fari ne? Na ƙudura a raina cewa in Allah ya kawo Baba garin nan, sai na zauna kusa da shi kafaɗa da kafaɗa, ko da sau ɗaya ne.

Allah kuwa ya kawo shi, lokacin sunan ƙaramar 'yata. Ba sai na faɗa ba, a ɗakin Auta ya sauka. Ni da na gyara ɗaki na sayi sabuwar katifa, aikina ya zama aika abinci. Farfesun da na zaɓo namansa da hannuna, Auta ke zama ya taya shi sha, har ya zo yana ba ni labarin yadda yaji ya ji.

Matsalar ita ce ba ni da bakin da zan ce wa Baba mu je yawo. Dole sai ta bakin Auta, kuma wanda ya isar da gayyata ba a ce masa ya zauna a gida. Na ja shi gefe na yi masa bayani: in mun zauna, ya tashi ya tafi sayen ruwa ya daɗe, in an zo shiga kwalekwale, ya ce tsoron ruwa yake. Ya dube ni ya fashe da dariya.

"Yaya, da girmanka da 'ya'yanka?"

"Kai dai ka yi abin da na ce."

"An gama. Amma ka san halin tsohon nan."

Na san halinsa mana. Abin da ban yarda ba shi ne halin zai biyo shi tun daga arewa har bakin teku.

Muka je da la'asar, ranar da ruwan sama ya ɗan ɗaga mana ƙafa. Baba ya sha babbar rigarsa fara, ni ma na sa sabuwar shadda, na yi wanka da sabulu mai ƙamshi don kada ƙarnin mahauta ya biyo ni. Muna shiga ya tsaya cak yana kallon ciyawa.

"Auta, duk wannan ba dabbar da ke ci?"

"Babu, Baba. Inji ke yanke ta a zubar."

"A zubar," in ji shi, ya girgiza kai. "Mu muna can muna bin kara da rani."

Ni ne na san amsar duk tambayoyinsa, don na fi Auta daɗewa a garin da shekaru masu yawa. Amma ko sunan bishiya yake son ji, Auta yake tambaya. Auta ya juyo ya tambaye ni, in faɗa, shi kuma ya maimaita wa Baba abin da Baba ya riga ya ji da kunnensa. Baba ya ce, "Kai, yaron nan ka san gari."

Muka samu benci a inuwa. Baba a wancan gefe, Auta a tsakiya, ni a wannan gefe. Can Auta ya miƙe ya ce bari ya samo mana ruwa. Tsakanina da Baba ba kowa, sai wurin zaman mutum ɗaya. Na gyara zaman hulata kamar saurayin da ya je zance ranar farko. Na fara matsawa a hankali. Ban kai rabi ba Baba ya miƙe, ya nufi wata bishiya da ke gefe, ya kama ganyenta yana jujjuyawa, ya murza, ya sansana. Haka ya tsaya yana binciken ganyen nan har Auta ya dawo. Babu Bahaushe ko ɗaya a kusa, na duba da kyau.

Saura kwalekwale. Baba bai taɓa hawa ruwa ba, kuma tun da ya hango su yake satar kallonsu kamar yaro. Muka isa bakin tafki, mai kula da wurin ya ɗaura masa rigar ruwa mai ruwan lemo a kan babbar riga, ya ɗaga mana yatsu biyu.

"Oga, na two two," in ji shi, wato mutum biyu kawai kwalekwalen ke ɗauka.

Auta ya cika alkawari. Ya ja da baya ya ce, "Baba, ni fa tsoron ruwa nake. Ku shiga da Yaya."

Baba bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya fara lalubar igiyar rigar yana ƙoƙarin kwancewa.

"To a bar shi," ya ce. "Dama kallo na zo yi."

Na ga hannunsa a kan igiyar, na ga yadda idonsa bai bar kwalekwalen ba. Tsoho ya yi tafiyar yini da kwana a mota, kuma ba lallai ya sake ganin irin wurin nan ba. Na ce wa Auta, "Shiga."

"Yaya, ai ka ce..."

"Na ce ka shiga."

Baba ya tuɓe takalmansa don kada su jiƙe, ya miƙa wa Auta, Auta ya miƙo min. Suka shiga, ni na tsaya a bakin ruwa riƙe da takalma.

Ba su iya tuƙin ba. Kwalekwalen ya yi ta zagaye a wuri ɗaya, Baba ya tattare riga yana taka fedar da ƙarfinsa, Auta yana nuna masa. Sai na ji dariyar Baba ta taso ta kan ruwa, irin dariyar da ban taɓa ji ba sai ta bayan katanga. Kishi ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Na yi fatan hadari ya taso a kore su. Na yi fatan hular Auta ta faɗa ruwa kifi ya tafi da ita. Wata mata da ke jiran layi da 'ya'yanta ta dube ni ta dubi takalman, ta tambaye ni da Turancin garin ko ni direbansu ne. Na ce mata eh, don ya fi sauƙin bayani.

Da suka yi nisa sai dariyar ta lafa. Na hango su sun daina tuƙi, kwalekwalen yana tafiya da kansa, kawunansu a haɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Wannan ya fi dariyar ƙona min rai. Da suka fito na ajiye takalman a gaban Baba, ya zura ƙafa, ya ce wa Auta, "Allah ya yi albarka."

Bayan Baba ya koma gida na ɗauke wa Auta wuta. In ya gaishe ni in amsa a taƙaice, in ya zo cin abinci in tashi. Da abin ya ishe shi sai ya same ni a mahauta ina wanke wuƙaƙe, ya tsaya a kaina.

"Yaya, ba ka son jin abin da muka tattauna a cikin ruwan?"

"Ina ruwana da hirarku?"

"Ai hirarka ce. Tun da muka yi nisa bai yi zancen kowa ba sai kai. Ya ce ka rame. Ya tambaye ni ko aikin yana ba ka wahala, ko kana cin abinci a kan lokaci. Ya ce tabon da ke hannunka na hagu bai san da shi ba, yaushe ka yanke? Ya ba ni labarin ranar da aka haife ka, wai har gona ya gudu ya ɓuya don kada a ga fuskarsa. Kuma duk juyawar da muka yi sai ya ce, yana nan tsaye?"

Na dubi tabon. Tsohon yanka ne, ƙarami, ko maiɗakina sai da ta daɗe kafin ta lura da shi. Auta ya tsaya yana murmushi, yana jiran in rungume shi, shi a dole ya kawo albishir.

"Da wace irin murya ya faɗa?" na tambaye shi.

"Murya kuma? Muryarsa mana."

Ya kasa kwaikwaya min, ni kuma ba ni da inda zan je in ji. Na ci gaba da wankin wuƙaƙena. Ni na nemo lambun, ni na tsara tafiyar, zancen ma nawa ne daga farko har ƙarshe, amma Auta ne ya zauna kusa da shi ya ji.