Ranar da Na Share Tokar Baba

Matso kusa ka ji, don wannan labarin ban cika ba da shi a cikin taro ba. Wata safiyar Talata ce, a shekarar da na cika tara, washegarin da ruwan shuka ya sauka mana a Kademi. Ƙasa ta jiƙe sharkaf tana ƙamshi, tsakar gida duk sawun kaji. Inna ta auna irin gero a ƙwarya, ni da ƙanwata Ladi mun ɗaure zannuwa a ƙugu, Baba kuma, wanda hadarin jiya ya rako shi gida daga cin rani a Kano, ya ce in kawo mabuɗin ɗakin kayansa. Na miƙa masa ina murmushi, ina jiran yabo. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya sunkuya ya ɗauki sungumi. Ƙotar ta ruguje a hannunsa kamar ƙuli-ƙulin da aka taka, jar ƙasa ta zubo daga cikinta.

Bari in koma baya ka san ɗakin. Ɗan ƙaramin ɗakin ƙasa ne a bayan zaure, wajen da Inna ba ta zuwa, da rufin azara da ƙyauren langa-langa. Ba wuta a garin, balle a can, haskensa kawai ƙofa ce da wata 'yar taga da kai ba zai shiga ba. A nan Baba yake gyara ƙota, yake wasa gatari, yake ɗinke buhu. Babu abin da yake ajiyewa a ƙasa. Fartanya, garma, gizago, sungumi, kowanne yana lilo a igiyarsa daga azara, bakinsa yana kallon bango. Lauje yana can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kowane ƙarfe baƙi ƙirin da man da yake karɓowa wajen mai injin niƙa, daɓen kuwa toka ce har ƙafa tana nutsewa. A cikinsu duka sungumin nan ya fi so, don na mahaifinsa ne, har akwai wani ɗan kwari mai sulɓi a ƙotar inda hannun Kaka ya cinye.

Da zai tafi cin rani ya ba ni mabuɗi, tunda ni ce babba. Ya ce in dinga leƙawa, kuma kada kowa ya shiga. Ni a lissafina ban cikin kowa. To ni kuwa yarinya ce da aka raina a kan tsintsiya. Kullum kafin mu tafi makaranta sai na share tsakar gida, na wanke tukwane da yashi har sun yi ƙyalli, a makaranta ma ajin da ya fi shara shi ake tafa wa. Sai na leƙa na ga ɗakin mahaifina duk toka da maiƙo, kunya ta kama ni a madadinsa. Ranar wata Alhamis, 'yan'uwana suna can suna carafke a gindin darbejiya, na taka turmi na kwance kayan ɗaya bayan ɗaya. Na dirje su da ruwa da yashi har baƙin ya fita. Na kwashe tokar nan tas na kai bola, na yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Da na zo mayarwa sai ƙullin igiya ya gagare ni, don haka na jera su a ƙasa jikin bango, babba na bin babba, yadda Inna take jera kwanukanta. Bayan haka duk mako sai na ƙara yayyafi. Wata huɗu ina yi wa gara shimfiɗa ban sani ba.

Wanda bai taso a ƙauye ba ba zai san nauyin wannan safiyar ba. Gonarmu jigawa ce, ba ta riƙe laima. In ruwan shuka ya sauka, yini ɗaya ne ko biyu, wanda ya sara ya binne irinsa ya samu, wanda ya makara sai ya jira wani ruwan da ba a san ranarsa ba. Kuma a irin ranar ba a aron sungumi, kowa nasa yana hannunsa. Baba ya duba sauran, fartanya biyu da garma duk gara ta shiga, ƙarafan sun yi jajir da tsatsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran tsumagiya. Bai ko kalle ni ba. Ya sari ɗanyen reshen marke ya sassaƙa, ya cusa bakin sungumin, muka tafi gona rana ta riga ta ɗaga. Yana sara muna bi muna zuba iri muna takewa da diddige, amma duk taku ashirin sai ƙarfen ya fice, ya tsuguna ya buga shi da dutse. Baffa Sale, ƙanensa, bai gama tasa shukar ba sai washegari da la'asar, sannan ya kawo mana nasa. Kafin mu kai ƙarshen gona ƙasa ta bushe. Wancan gefen ya fito tsilla-tsilla, kuma a shekarar rumbunmu bai kai mu kaka ba, sai da muka haɗa da rogo.

Kwana uku ina ɓoye fuska. A na huɗu ya kira ni, ya ba ni ƙwarya ya ce in kwaso toka a murhun Inna. Muna barbaɗawa yake gaya mini gara ba ta son bi ta cikin toka, mai yana hana tsatsa, ratayewa kuma tana raba icce da ƙasa, tana hana kunama samun maɓoya. Ya kama hannuna ya koya mini ƙullin igiyar har sau biyar. Na fashe da kuka na ce ya yafe mini. Ya ce, "Laifina ne, Hajara. Na ba ki mabuɗi, ban ba ki dalili ba." Guntun ƙotar Kaka da ya tsira, daidai wurin kwarin nan, ya ɗaure shi ya rataye, yana nan har ya rasu.

Yanzu ina aure a Ajingi, ɗana yana da ɗakin kaya na bulo da kwano, har da fitila mai aiki da hasken rana. Injin ban ruwa, abin feshi, fartanya, duk a zube a ƙasa. In ƙota ta lalace, ranar kasuwa ya sayo wata, ba ta daɗewa a hannu balle ta yi kwari. Ni dai duk rani sai na kai ƙwaryar toka na barbaɗa, ɗan nawa yana dariya yana cewa, "Umma, daɓen siminti ne, gara ba ta cin siminti." Ba na musu da shi. Na kan zaunar da jikata in gaya mata dalili, tun kafin wani ya ba ta mabuɗi. Guntun iccen nan yana ɗakina, wani lokaci na kan sa yatsa a kwarin in ji hannun mutum biyu da ba sa nan.

Kai fa, wane abu ka tarar a gidanku ka share, kafin ka tambayi abin da ya sa aka zuba shi?